Kasuwa da Lissafi: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu daga Sudan

Wasiƙun wannan fitowa duka daga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Sudan suka zo. Sana'o'in masu tambayar sun bambanta, amma damuwarsu kusan ɗaya ce, wato yadda mutum zai gane ko gaba yake yi ko baya a lokacin da fam ɗin da ke hannunsa yake rage daraja. Alƙaluman da zan kawo a cikin lissafi na misali ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu a gurbinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin kanti inda nake sayar da man girki da sukari da ganyen shayi da sabulu. Ban taɓa sayar da kaya ƙasa da yadda na saro su ba, ciniki kuma alhamdu lillahi, amma kayan kantin sai raguwa suke yi, har maƙwabta sun fara cewa ko yaron shagona ne yake ɗauka. Ni kuwa na yarda da yaron. Ina ribar take tafiya? Daga mai kanti, Kassala.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zargin sata abu ne mai nauyi, don haka kafin a ɗora wa yaron nan laifi, bari mu yi lissafi. A ce ka saro katan ɗin mai a kan fam 100,000, ka sayar da shi kwalba-kwalba ka tara 115,000. A littafinka ribar 15,000 ce, sai ka ɗebe ta ka yi cefane da ita, kana ganin ba ka taɓa uwar kuɗi ba. Da ka koma wurin mai sari sai ka tarar katan ya koma 125,000. Fam 100,000 da suka rage maka ba za su sayi katan ba, kashi huɗu cikin biyar na katan kawai za su saya. Idan katan goma kake juyawa, yanzu sun zama takwas, in abin ya sake maimaituwa kuma sun zama shida da 'yan kai. Ko da ba ka ci sisin kwabo daga cinikin ba, 115,000 ba ta kai kuɗin sabon katan ba, ke nan asarar 10,000 ka yi a cinikin da ka rubuta a matsayin riba.

Jarin ɗan kasuwa shi ne kayan da yake iya zubawa a kantinsa, takardar kuɗi ma'auni ce kawai, kuma ma'aunin Sudan ya daɗe yana ƙanƙancewa. Lokacin da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin da ƙasar take haƙowa, dalar da gwamnati take samu ta ragu, aka riƙa cike giɓin kasafi da buga kuɗi. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Sudan ya karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, a tsakiyar shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da masana'antun Khartum da Bahri, kayan da ake yi a gida suka koma sai an shigo da su ta Port Sudan ko ta kan iyakar Masar, da kuɗin waje da tsadar mota. Kai a Kassala kana ƙarshen wannan doguwar hanya ne, duk abin da ya hau a can sai ya iso kantinka.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka riƙa yanka farashi bisa kuɗin da za ka maye gurbin kayan da shi a yau, ka manta da abin da ka biya makon jiya. Wannan yana buƙatar ka riƙa jin farashin sari kowace safiya, ko da ta waya ce. Sannan a ƙarshen kowane wata ka ƙirga kayanka da katan da buhu da dozin, ka mayar da kuɗin da ke aljihun tebur zuwa adadin katan ɗin da za su iya saya a ranar, ka haɗa. In jimlar ta fi ta watan jiya, abin da ya hau shi ne ribarka, daga cikinsa ne kaɗai za ka ci. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ka yanka wa yaron, kuma sukarin da aka ɗiba aka kai gida a rubuta shi kamar baƙo ne ya saya.

Na san wasu 'yan kasuwa masu tsoron Allah suna jin nauyin ƙara farashi a kan tsohon kaya, suna ganin kamar zalunci ne. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye abinci don a jawo ƙaranci farashi ya tashi, da algus, da tauye mudu. Wanda ya baje kayansa a fili yana sayarwa a farashin kasuwar ranar bai shiga cikin waɗannan ba, kuma kantin da ya durƙushe ba ya amfanar unguwa da komai.

Abu biyu kuma za ka duba. Kayan da ke fita da sauri sun fi kayan da ke da riba mai kauri amma suna kwana: ribar kashi 5 a kan kayan da suke ƙarewa duk mako ta kai kusan kashi 60 a wata uku, alhali kayan da ka ɗora wa kashi 30 suka yi wata uku a kan kanta kashi 30 ɗin nan kaɗai suka kawo, hauhawar farashi kuma ta riga ta cinye wani abu a ciki. Na biyu shi ne littafin bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuma zan ce ka hana maƙwabci sukari a wannan hali da ake ciki ba, amma ka sani duk bashin da ya yi wata biyu a waje ba ya dawowa da darajar da ya fita da ita. Ka yanke iyakar abin da kantin zai iya ɗauka, ka taƙaita wa'adi.

Tambaya: Malam, ni manomi ne, ina noma dawa da riɗi. Duk shekara idan damina ta yi tsakiya kuɗin ciyawa da na leburori sukan ƙare mini, sai in je wurin wani ɗan kasuwa ya ba ni kuɗi a kan buhunan da zan biya shi da kaka, abin da ake kira shail a nan. Da kaka sai in ga kamar shi na yi wa noman. Yaya zan gane ko cutata ake yi, kuma akwai mafita? Daga manomi, wani ƙauye kusa da Gadarif.

Amsa: Baba, Allah ya ba da damina mai albarka. Hanyar ganewa ita ce ka fitar da kuɗin da bashin ya ci maka, ka auna shi da tsawon lokacin da ya yi a hannunka. A ce a watan Agusta ya ba ka fam 40,000 a kan kowane buhun dawa, a watan Disamba da ka kai masa buhun kuma ana sayar da shi 70,000 a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ka karɓi 40,000 ka mayar da abin da ya kai 70,000, wato 30,000 ne ladan kuɗinsa, kashi 75 cikin 100 a wata huɗu. Adalci ya sa a cire masa abin da hauhawar farashi ta ci: in kayan masarufi gaba ɗaya sun tashi da kashi 20 a tsakanin, to 40,000 ɗinsa daidai take da 48,000 ta watan Disamba, ainihin abin da ya samu a kanka 22,000 ne. Har yanzu da yawa. Sai dai shi ma ya ɗauki kasada, domin da farashi ya faɗi ƙasa da 40,000 shi ne zai kwana ciki, kuma da ruwa ya ɗauke sai ya yi ta bin ka.

Asalin wannan ciniki halal ne, shi ne salam a littattafan fiƙihu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina ya tarar mutane suna biyan kuɗin 'ya'yan itatuwa tun kafin su nuna, sai ya yi umarni a yi shi da sanannen mudu da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Daga nan malamai suka fitar da sharuɗɗa: a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, a faɗi irin dawar da ingancinta da nauyin buhun, a faɗi lokacin bayarwa, kuma kada a ɗaure cinikin da amfanin wata gona guda, domin gonar tana iya ƙin yi. Inda shail yakan lalace shi ne wurin da aka bar waɗannan a baki. Wani maimakon tsabar kuɗi sai ya ba manomi sukari da mai a farashin da ya ga dama, ya ci riba sau biyu. Wani kuma in manomi ya kasa cika buhu goma sai ya mayar da su goma sha biyar a kaka mai zuwa, wannan kuwa riba ce ta haram tsagwaronta, babu wata fassara da za a yi mata.

Bankunan Sudan, musamman Bankin Noma, sun daɗe suna ba manoma jari ta hanyar salam, kuma sun shigar da wani sharaɗi na kawar da cuta a cikin yarjejeniyar, wanda ya tanadi cewa in farashin kaka ya bambanta da wanda aka yanka da fiye da kashi ɗaya cikin uku, sai a gyara don kada ɓangare ɗaya ya ɗauki nauyin duka. Na san ƙaramin manomi ba kasafai yake samun shiga banki ba saboda maganar jingina da takardun gona, shi ya sa ƙungiyar manoma mai rajista take da amfani, domin abin da ba a ba mutum ɗaya ana iya ba jama'a da suka tsaya wa juna. Ko ba ka je banki ba, babu abin da zai hana ka nemi a sa irin wannan sharaɗi tsakaninka da ɗan kasuwar, a gaban shaidu biyu, a rubuce.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne yawan buhunan da kake sayarwa tun suna gona. Noman Gadarif na ruwan sama ne, shekara ba ta kama da shekara. Ka tuna mafi munin kaka da ka gani a 'yan shekarun nan, ka cire abincin gidanka na shekara da iri daga abin da ka samu a wannan kakar, abin da ya rage shi ne iyakar abin da za ka iya yin alkawarinsa ba tare da ka jefa iyalinka cikin haɗari ba. In kuɗin wannan adadi ba zai isa aikin faddan ashirin ba (faddan ma'aunin gona ne, kusan eka ɗaya), gara ka noma goma sha biyu ka kula da su sosai. Riɗi kuma yana rigan dawa nuna, don haka in ka tsara kuɗin riɗin ya biya aikin yankan dawa, ka rage bashin da za ka ci a lokacin da ka fi kowa matsuwa, lokacin da mai kuɗi yake yanka farashin da ya so.

Tambaya: Malam, mu mata goma ne muke adashi, kowace tana zuba fam 20,000 a wata. Ni ce ta ƙarshe a ɗauka. Na yi niyyar sayen keken ɗinki, amma kafin zagaye ya iso kaina kuɗinsa ya wuce abin da zan kwasa. Wata ta ce a riƙa ƙara wa na ƙarshe wani abu, wata ta ce haram ne. Ina gaskiya? Daga wata uwa, Mai Wurno.

Amsa: Hajiya, ƙorafinki yana kan hanya, lissafi ma ya goyi bayanki. Adashi rance ne da ake yi wa juna: wadda ta fara ɗauka ta ci bashin sauran tara, ta ƙarshe kuma ita ta ranta wa kowa. In farashi yana tashi da kashi 5 kowane wata, fam 200,000 da za ki kwasa a wata na goma abin da 129,000 take saya a watan farko kawai za ta saya. Gaskiya ne zubin da kika yi a watannin baya-baya shi ma ya yi sauƙi, domin in aka auna duka zubinki goma da darajar watan farko kusan 162,000 ne. Duk da haka kin zuba 162,000 kin karɓi 129,000, ta farko kuwa ta karɓi 200,000 cur ta biya 162,000. Babu wadda ta yi niyyar cutar wata, amma dukiya ta tashi daga hannun na ƙarshe ta koma hannun na farko.

Wadda ta ce ƙarin haram ne tana da hujja. Rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce ta haram, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1988 cewa bashin da aka ci da wani kuɗi ana biyansa da kwatankwacinsa ne, ba a ɗaure shi da tashin farashi. Amma ƙofa ba ta rufe ba. Kuna iya mayar da zubin ya zama na kaya tun daga farkon sabon zagaye, a ce kowace za ta kawo kilo kaza na sukari ko jarkar mai iri kaza, ta farko ta karɓi jarka goma, ta ƙarshe ma jarka goma, an biya rance da irinsa ke nan. Kuna iya gajarta zagayen ya koma na mako-mako da ƙaramin zubi, ya ƙare a wata biyu da rabi kafin farashi ya yi nisa. Mafi sauƙi kuma shi ne a juya jerin a zagaye na gaba, ta ƙarshe ta zama ta farko, ko a jefa ƙuri'a a gaban kowa.

Akwai wani haɗarin da ya kamata uwar adashinku ta yi tunaninsa. Tun da yaƙi ya shiga Wad Madani a Disambar 2023 ya kuma iso jihar Sennar a 2024, gidaje da yawa sun tashi ba shiri, wasu sun koma Gadarif, wasu Kassala. Adashi mai dogon zango a irin wannan lokaci yana iya watsewa a tsakiya ba da mugun nufin kowa ba. A rubuta sunan wadda ta ɗauka da abin da ya rage a kanta, kowace ta riƙe kwafi, kuma a san wanda zai tsaya mata a cikin danginta.

Tambaya: Malam, yayana da ke aiki a Jidda ya aiko da riyal aka sayi raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya, ina tuƙawa, muka ce za mu riƙa raba abin da aka samu. Yanzu injin ya lalace, ya ce ni zan gyara tunda ni nake hawa, ni kuma na ce ai motarsa ce. Zumunci ya fara tsami. Daga wani matashi, Port Sudan.

Amsa: Ɗana, matsalarku ta faro ne daga kalmar "abin da aka samu", domin ba ku fayyace ko kuɗin da fasinja suka biya kuke nufi ko abin da ya saura bayan an cire ɗawainiya ba. Ɗawainiyar raksha iri uku ce. Akwai ta kullum, mai da baƙin mai da facin taya. Akwai ta lokaci-lokaci, kamar taya da batir da lasisi. Akwai kuma wadda ba a gani, wato tsufan rakshar kanta: in shekara huɗu za ta yi tana aiki kafin ta zama sai an sauya, to kowane wata tana cinye kashi ɗaya cikin 48 na kuɗin sabuwa, ko an ware kuɗin ko ba a ware ba. Da alama kun riƙa raba wannan kason kuna ɗauka riba ce, shi ya sa ranar da inji ya tsaya babu asusun da za a taɓa.

Ƙa'idar da fiƙihu ya ginu a kanta a haya da kuma ƙiradi, wato a ba wani jari ya juya a raba riba, ita ce, dukiya in ta lalace ba tare da sakacin wanda aka damƙa wa ba, asarar mai ita ce, shi mai aiki ya yi asarar guminsa. Don haka in injin tsufa ya yi, gyaran yana kan yayanka, in kuwa ka bar shi babu baƙin mai ne ko kana yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, kai za ka biya. Bakanike mai amana zai iya faɗa muku wanne ne. Ka kuma dubi abin ta idonsa: riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka kason da kake aika masa da fam yana iya ƙaruwa a lamba alhali yana raguwa in ya canza shi, wataƙila wannan ne ya sa yake jin kamar jarinsa yana narkewa.

Bayan an yi gyara ku sake ƙulla maganar a sarari. Mafi tsabta ita ce haya: ka riƙa ba shi adadi sananne kowace rana ko kowane mako, ƙananan ɗawainiya naka, babban gyara nasa, ku kuma sa lokacin da za ku riƙa sake duba adadin, kamar duk wata uku. In rabon kaso kuka fi so, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, domin a mazhabar Malikiyya ƙiradi da tsabar kuɗi ake ƙulla shi, ba da kaya ba. Kuɗin tsufan rakshar kuma kada a ajiye shi da fam, a riƙa sayen kayan gyara da shi ana adanawa, ko a tura masa ya riƙe da riyal. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware 'yan'uwan ciki ɗaya ba.

Tambaya: Malam, masu sayen kayan miya a wurina da yawa ta waya suke turo kuɗi, in na je neman tsaba kuma sai mai bayarwa ya cire kashi goma. Yaya zan yi? Daga mai sayar da kayan miya, Gadarif.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙarancin takardun kuɗi ne ya jawo haka, musamman tun da aka sauya takardun fam 500 da 1,000 a ƙarshen 2024 aka tura mutane su zuba tsofaffin a asusun banki, hada-hada ta ƙara komawa kan manhajoji irin su Bankak. Malamai da yawa suna ganin musayar fam da fam tare da ragi riba ce ta haram, ta fuskar kasuwanci kuma in ribarki kashi 15 ce a kan ciniki aka cire 10, kashi biyu cikin uku na guminki ya tafi. Ki nemi mai sarin tumatir da albasa da yake karɓar turi, ki riƙa biyansa kai-tsaye daga abin da ya shigo wayarki, tsabar da kika samu a hannun sauran masu saye kuma ki keɓe ta don kuɗin mota da ɗan dako da abin da ba ya sayuwa sai da ita.